Ɗiyar Jaji



A Turba ba a kira na da sunana. Ɗiyar Jaji ake ce mani. Mahaifiyata na cikin matan da suka gaji aikin 'Yan Taru, tsarin karantar da matan karkara da Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta kafa. Tun daga Isa har Sabon Birni an san malfar Inna. Wannan malfa kuwa tana da tarihi: alamar Innar Gobir ce, shugabar mata da 'yan bori, Asma'u ta ɗauke ta ta ɗora wa jajinta bisa kai, da jan ƙyalle.

Mata kan ce, "Kin yi sa'ar uwa." Gaskiya ne, amma rabin zancen ke nan. Inna tana iya wuni tana sasanta kishiyoyi cikin sanyin murya, ta dawo gida ba ta da sauran haƙurin da za ta ba ni. Kowace ɗiya na iya kuskure karatu a yi dariya, ni ko sanda. Ranar da na fara haila tana hanyar Sakkwato da ayarin mata, za su ziyarar Hubbare. Gwaggo ce ta koya mani wanka, da abin da ita ma ta koya wurin Inna.

Shi ya sa idan na karanta tarihin Asma'u nakan tsaya inda masu tarihi ke wucewa da sauri. An haife ta a Degel a 1793, tagwaye da Hassan. Mahaifiyarsu Maimuna ta rasu tana ƙarama, matan Shehu suka raine ta. Uba na jama'a duka, uwa babu. Kafin Alkalawa ta faɗi a 1808 ta riga ta san hijira da yunwa. Wa take kai wa kukanta da dare?

Yanzu 'yan bindiga sun tsare hanyoyi, Inna ta daina fita. Malfar na rataye a ƙusa. Uwar da na so ta zauna gida ga ta zaune, sai dai daga gaisuwa ba mu san abin da za mu ce wa juna ba. Na fara rubuta labarinta, kuma duk shafin da na gama ina karanta mata. Ba ta taɓa cewa ya yi kyau ba. Sunayen garuruwa kawai take gyara mani, jiya ma ta gyara biyu.