Cinikin Biri a Sama: Yadda Ake Sayen Kwamfuta a Ingila

Na yi zaton tuwo da miyar kuka da kiran sallar asuba daga masallacin unguwa ne kaɗai za su riƙa faɗo mini a rai a Ingila. Ban taɓa kawowa zan yi kewar Titin Beirut na Kano ba, da cunkosonsa da ƙarar janareto da yaran shago masu yi maka maraba tun kana tsallaken titi. Abu ɗaya ne ya jawo wannan kewa, kuma har yau bai daina ci mini rai ba: a ƙasar nan za ka zube ɗaruruwan fam a kan kwamfutar tafi-da-gidanka, a miƙo maka kwali a liƙe, babu mai buɗe maka shi, balle a kunna ka ga abin da ka saya.

Shagon da na shiga a Manchester ƙato ne, irin waɗanda ke jere a bayan gari. Kwamfutoci ne reras a kan dogon tebur, kowace an ɗaure ta da siririyar waya saboda ɓarayi, kowace da ɗan kati a gefenta mai ɗauke da farashi da bayanin kayan cikinta. Ka taɓa, ka danna, ka leƙa, babu mai ce maka ci kanka. Sai da na yi ta waige-waige kafin wani matashi mai rigar shagon ya matso. Na nuna masa wadda ta kwanta mini, ya duba na'urar hannunsa, ya shiga sito ya fito da kwali. Na ce to madalla, mu buɗe mu kunna. Cikin ladabi ya ce ba a buɗewa sai an biya, in na biya kuma ta zama tawa, sai in je gida in buɗe abata. In ina so su buɗe su saita mini, wannan aiki ne dabam mai kuɗinsa dabam. Na ce ai wadda na gwada a kan tebur ba ita zan tafi da ita ba. Ya ce duk ɗaya ne, masana'anta ɗaya ta ƙera su.

Mu da aka raina a kan cewa ba a cinikin biri a sama, wannan amsa ba ta shiga kunne. A gida kowa ya san yadda ake yi, ko a Farm Centre ne, ko Banex ta Abuja, ko Computer Village ta Ikeja. "Alhaji, zauna ka gwada, in ba ta yi maka ba ga wata." Ka kunna, ka cire caja ka ga ƙarfin batir, ka kira ƙaninka da ya san kan na'ura ya sa ido. A taya, a yi albarka, a sallama, a loda maka manhajoji, a ɗora maka jaka gyara.

A nan babu taya babu albarka. Abin da ke jikin kati shi ne kuɗinta, da harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari a ciki, kuma yaron shago ba shi da ikon rage maka ko sisi. Ƙofar ragi ɗaya ce na gani: wasu manyan shaguna kan sauko da farashi in ka nuna musu a wayarka cewa wani shagon yana sayar da ita ƙasa da haka. Gyara kuwa kada ka sa rai. A madadinta jerin tayi ne ke jiranka a wurin biya: inshorar faɗuwa da zubewar ruwa, manhajar riga-kafi ta shekara-shekara, kuɗin Microsoft 365, kuɗin saiti, har da tayin ka ɗauka bashi ka riƙa biya wata-wata. Ka iya cewa a'a da murmushi. Windows tana zuwa da nata riga-kafin a ciki. Jami'o'i da yawa suna ba ɗalibansu Word da Excel kyauta muddin suna karatu. Saitin da za a caje ka a kansa bai wuce ka kunna, ka haɗa da intanet, ka bi umarnin da ke fitowa a allo ba. Shi kuwa bashin, ka karanta takardarsa da kyau, domin galibi da zarar wa'adin farko ya wuce kuɗin ruwa ke hawa kai, kuma mun san matsayin riba a wurinmu.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga baya na fahimci abin da ya sa Bature yake ɗaukar kwalinsa a liƙe ya yi gida hankali kwance, kuma a nan ne hassada ta kama ni. Amanarsa ba a idonsa take ba, a rasit take da doka. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce in kaya ya zo da aibi kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cas. In kwana 30 sun wuce, wajibi ne mai shago ya gyara ko ya musanya. In aibin ya bayyana cikin wata shida na farko, doka na ɗauka da shi aka sayar maka, sai in mai shago ya kawo hujjar cewa kai ka jawo. A Ingila da Wales kana iya bin haƙƙinka har shekara shida, a Scotland shekara biyar. Bayan wannan ga garantin kamfani, yawanci na shekara ɗaya, kodayake shagon John Lewis kan ba da shekara biyu a kan kwamfuta.

Na raka wani ɗan'uwa ɗalibi mayar da tasa, wadda allonta ya fara fitar da zane tun ba ta yi wata ba. Na tafi da shirin rigima, ina ta haɗa maganganu a zuci. Matar da ke kan kanta ta karɓi rasit, ta kunna, ta ga zanen, ta ba shi haƙuri, ta tambaye shi kuɗi yake so ko wata. Ba rantsuwa, ba "kai ka yar da ita", ba "maigida ya yi tafiya, ka dawo jibi". Na tuna rasit ɗinmu na gida mai ɗauke da gargaɗin cewa ba a dawo da kaya, da garantin baka na mako ɗaya ko biyu wanda ƙarfinsa ya dogara ga tsoron Allah na mai shago da kuma sanayyar da ke tsakaninku. Muna da dokar kare masu saye ta 2018, muna da hukumar FCCPC, amma mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa kai musu ƙarar laftof?

Duk da haka maganar kwalin nan ba ta mutu ba, domin akwai tarko a cikinta. Dokar 2015 ɗin tana kare ka ne in kaya na da aibi. In lafiyarta ƙalau, amma ka je gida ka ga allon ya yi maka duhu, ko fankarta ta cika ƙara, ko ta yi maka nauyi, doka ba ta tilasta wa mai shago ya karɓa ba, sai abin da tsarin shagon ya yarda, kuma da yawansu sai kwali na liƙe suke karɓa. Wato ba za ka gan ta ba sai ka buɗe, in ka buɗe kuma ta zauna maka. Dabarar da na koya ita ce: ka je shago ka gani da idonka, ka kwafi cikakkiyar lambar samfurin, sannan ka saya ta intanet. Dokar 2013 kan cinikin nesa ta ba ka kwana 14 daga ranar da kaya ya iso ka fasa ba tare da ka faɗi dalili ba. Ka duba ta a hankali kawai, don in ka more ta fiye da dubawa ana iya zaftare maka wani abu.

Inda ƙirjina ke buɗewa da alfahari shi ne fagen gyara. A nan in allo ya fashe bayan garanti, sau da yawa kuɗin da za a yanka maka zai sa ka fara tunanin sabuwa. Ba mugunta ba ce, aikin hannu ne ke da tsada: a Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashin mai shekara 21 zuwa sama ya kai fam 12.21 a awa, ga haya ga haraji. Manyan shaguna ma ba a gabanka suke gyarawa ba, turawa suke wata cibiya ka zauna jira. Yaronmu na ƙarƙashin bene, da ɗan teburinsa da sukundireba da fitila, zai ciro allo daga wata matacciya ya dasa maka kafin a kira la'asar. Wannan basira ce ta gaske, kuma ba mu ba ta girman da ya kamace ta ba.

Ga wanda ya zo sabo, ga abin da zan ce masa. Kada kyan jiki ya ruɗe ka, katin gefe za ka karanta. Ram kada ya gaza gig 8, in da hali 16, domin yawancin sirarran kwamfutocin yanzu an liƙe musu ram a jiki, ba a ƙarawa daga baya kamar yadda muka saba. Ma'ajiya ta zama SSD, ka guji mai eMMC komai arharta. Ka tabbata ba Chromebook ka ɗauka ba in karatunka na buƙatar manhajojin Windows. In kai ɗalibi ne, imel ɗin makarantarka kuɗi ne: da shi ake samun rangwame ta UNiDAYS ko Student Beans, Apple ma yana da farashin ɗalibai. In ba gaggawa kake ba, ka jira lokacin komawa makaranta, ko Black Friday a ƙarshen Nuwamba, ko ranar 26 ga Disamba. Mai katin bashi ya sani cewa sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya ɗora wa bankinsa alhaki tare da mai shago a kan kayan da ya haura fam 100, sai dai ya biya kafin ruwa ya hau. Ranar da ta iso, ka yi mata gwajin gida: kowane madanni, kyamara, sifika, kowace kafa, sannan ka ɗauki hoton rasit ka adana kwalin.

Sai kuma saƙon da ba ya yankewa daga gida: "Yaya, tunda kana can inda Landan-yus ke fitowa, ai a banza ake samunsu, a taimaka mini da ɗaya." Ƙanwata, ba haka abin yake ba. Yawancin waɗannan Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad da ke cika kasuwanninmu tsofaffin kayan ofisoshi ne da dillalai ke saye a sari. Mai sayen guda ɗaya a nan, in ya juya fam zuwa naira ya ɗora kuɗin aike, sau da yawa sai ya ga gara a saya a Kano. Baƙo mai ziyara ma ya daina karɓar harajinsa a filin jirgi tun Janairun 2021. In dai za a aika, a tuna cewa garanti ba lallai ya bi ta Najeriya ba, kuma a jakar hannu ake riƙo ta saboda batir. Sauƙin da ke akwai shi ne caja mai baki uku irin tamu ce. Muhimmi kuma, Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 galibi sai Intel ƙarni na takwas zuwa sama. Tsofaffin da aka sallama a nan, kasuwanninmu za su nufa. Duk mai saye a gida ya tambayi ƙarnin na'urar kafin ya tambayi kuɗinta.

Hukuncina shi ne, sun fi mu bayan ciniki, mun fi su lokacin ciniki da lokacin gyara. Kirana ga 'yan kasuwarmu na kwamfuta da shugabannin ƙungiyoyinsu: kada ku bar al'adar zaunar da mai saye ya gwada, amma ku ƙara mata rasit mai lambar jikin na'ura, da kwanakin garanti a rubuce, da wurin kai ƙara a cikin kasuwa in an samu saɓani. Kai kuma mai saye, ko a Kano kake ko a Manchester, kada ka bar bakin kanta sai ka san ranar da haƙƙinka na mayarwa zai ƙare.