Allurar Mai Da Ta Daina Faɗin Gaskiya

Akori-kura a ƙauye ba ta mutum ɗaya ba ce. Ko da ta makarantar ekklesiya ce, kamar wadda muke da ita, ita ce mai ɗauko alli da littattafai, ita ce mai kai masara kasuwa, ita ce kuma ake nema da tsakar dare sa'ad da naƙuda ta tsananta wa mace. Abin da ya sami motar nan ya sami gari duka. Muna so mu ba masu karatu labarin wani ɗan ciwo da ya kama tamu, da yadda aka bi sawunsa, gama mun sani gidaje da yawa suna fama da irinsa.

A gaban direba akwai agogon mai, da allura mai tafiya tsakanin harafin E da harafin F. In ta kwanta a E tanki ya ƙare, in ta kai F ya cika. Tamu kuwa sai ta fara wasa da mu. A zuba mai, ta ƙi motsi. A faɗa rami, ta yi tsalle ta sake faɗuwa. A dā mutum yakan cika tanki ya manta da zancen. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu, mu kuwa lita 10 ko 15 muke iya saye a lokaci guda. Mai tafiya da ɗan mai haka, da mara lafiya kwance a bayan mota, dole ya san abin da ya rage masa.

Waɗansu suka ce a sayo sabon agogo. Muka kai motar wurin wani dattijon bakanike, ɗan ekklesiyarmu, muka ce, "Baba, ga shawarar da aka ba mu." Ya girgiza kai ya ce, "Malam, allura 'yar aike ce. Abin da aka faɗa mata shi take faɗi. Bari mu nemi wanda ya aiko ta tukuna."

Ga yadda ya bayyana mana. A cikin tanki akwai wani abu mara nauyi da yake yawo a kan mai, kamar goran masunta a kan ruwa. An haɗa shi da siririn hannu na ƙarfe. In mai ya ƙaru goran ya hau, in ya ragu ya sauka, hannun kuwa yana goga a kan wata 'yar hanya da take rage ko ƙara wutar da ke wucewa. Waya ɗaya tana kai labarin nan zuwa agogo, wata kuma tana komar da wuta jikin ƙarfen mota. Ashe wurare huɗu ne ƙarya take iya shiga: fiyus, agogon kansa, wayoyi, da abin da ke cikin tanki. Ya kuma ce in allura ta ɗan karkata a gangare irin na Hawan Kibo, wannan ba ciwo ba ne, mai ne ya taru gefe ɗaya.

Dattijon ya fara da abu mafi sauƙi da araha. Ya murɗa makulli ya dubi allurar zafin inji, ya ga tana aiki. A motoci da yawa fiyus ɗaya ne yake ciyar da su biyun, in da shi ya ƙone da dukansu sun mutu. Duk da haka ya zare shi ya duba, ya same shi lafiya.

Sa'an nan ya shiga ƙarƙashin mota, tanki a rufe, ya cire wayar da ke kai labari, ya sa mu zura wa agogo ido. Ya taɓa ta ga ƙarfen mota na ɗan lokaci kaɗan, allura ta tashi daga wannan gefe har wancan. Ya ce, "To, agogo ya fita daga zargi, doguwar wayar ma haka." Ya ƙara da cewa a waɗansu motoci allura takan tafi F in an taɓa, a waɗansu kuma E, abin dubawa dai shi ne ta motsa sarai. Sababbin motoci masu kwamfuta kuwa, ba a yi musu wannan gwaji, sai mai aikin wutar mota ya auna da mita.

Kafin ya taɓa tanki sai ya bi ɗaya wayar, mai komar da wuta. Nan ya sami ɓarawon. Laka da ruwan damuna sun sa tsatsa ta ci wurin da aka ɗaure ta da noti, har tana taɓawa tana saki, shi ya sa rami yake sa allura tsalle. Ya kwance, ya kankare tsatsar sai da ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure da ƙarfi, ya shafa giris. Allura ta tashi a hankali ta tsaya inda ya kamata. Ba a sayi kome ba.

Da ba a same shi nan ba, da sai a buɗe tanki, gama wani lokaci goran yakan huje ya sha mai ya nutse, ko kuwa hanyar da hannun ke gogawa ta cinye. A nan muna roƙon iyaye su ji da kyau. Kafin a buɗe tanki a cire kan batir, a yi aikin a fili, a kori yara. Kada a kusato da fitilar kananzir, ko ashana, ko taba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasa ya bi har inda wuta take, tankin da ba kome a ciki ma cike yake da shi. Kada kuma a zuƙi mai da baki.

Wanda bai sami halin gyara ba tukuna, lissafi zai taimake shi. A ajiye ɗan littafi a mota, a rubuta litar da aka zuba da lambar kilomita kowane lokaci. In lita 40 ta kai ka kilomita 320, ka sani lita ɗaya tana ba ka kilomita 8. Mun ba 'yan aji shida wannan lissafi, suka yi shi da murna. Kada kuwa a saba tafiya har mai ya ƙafe, domin a motocin da famfon mai yake cikin tanki, man ne yake sanyaya shi.

Maganar dattijon nan ta zauna mana a rai. A cikin Matiyu sura 25 Ubangijinmu ya ba da misalin budurwai goma. Dukansu suna riƙe da fitilu, mai kallo ba zai bambanta su ba, sai da dare ya raba aka gane biyar ba su da mai. Mu ma muna da allura a fuska. A tambayi miji ko mata ko yaro, ya ce lafiya lau, alhali ciki ya ƙafe, gama abin da ya haɗa shi da Ubangiji da mutanen gidansa ya yi tsatsa tun da daɗewa. Tsawa ba ta gyara wannan, kamar yadda sabon agogo ba zai gyara motarmu ba. Sai a zauna a bi sawu da haƙuri, a fara da abin da ke kusa: yaushe rabon da mu yi addu'a tare, yaushe rabon da mu tambayi juna mu kuma tsaya mu ji amsa?

'Yan'uwa, tun da rana ake kama baƙar akuya. A duba mota tun ba a zo neman ta da dare ba, a duba gida kuma haka. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.