Tohon Gamba a Makango

A Makango, bakin tafkin Volta inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Yeji, gamba kan yi toho sau biyu: bayan gobarar hunturu, da kuma bayan ruwan farko. Duk biyun, tun tana jaririya shanu ke iske ta, kuma abin yana damuna.

Gamba tana jure kiwo domin idon tsironta yana gindi, dab da ƙasa, inda bakin saniya bai cika kaiwa ba. Sai dai sabon toho ba da ƙarfinsa yake fitowa ba. Abincin da saiwa ta ajiye tun damanar bara yake ci, har ganyen ya yi faɗin da zai sha rana ya mayar. In aka ci shi sau ɗaya aka bar shi makonni, yakan ƙara 'ya'ya ma. In garke ya dawo kullum, saiwa ta daina zurfi, gindi ya ƙanƙance, ruwan sama ya riƙa kwashe ƙasar da ke tsakani. Kyasuwa ta fi ban tausayi, don da iri kaɗai take dawowa.

Ban ga laifin makiyayi ba. Shanunsa sun rame da rani, gonakin doya sun matse burtali, madatsar Akosombo da ta haifar da tafkin kuma tun 1965 ta shanye fadamu. Fatana sarakunan Gonja da shugabannin Fulani su zauna su keɓe wuraren da za a ɗaga wa ƙafa a farkon damina.