Hanyoyin Keke Cikin Karkarar Tamale

Duk baƙon da ya sauka a Tamale, tun kafin ya san inda kasuwar Aboabo take, abin da zai fara cika masa ido shi ne yawan kekuna da babura. Allah ya shimfiɗa ƙasar Dagwamba kamar tafin hannu, babu dutsen da zai sa mutum haki, babu gangaren da zai tsinka masa birki, saboda haka keke ya samu wurin zama a nan fiye da sauran manyan garuruwan Gana. Ɗalibi na hawa, manomi na hawa, malami na hawa zuwa wurin suna ko ɗaurin aure, mata ma na hawa da lulluɓinsu da goyo a baya, abin da Bakano ko Bakatsine kan tsaya ya yi ta kallo a ranar da ya fara zuwa. A gefen manyan titunan garin har an ware wa masu keke tasu hanya. Dagwambawa kuwa sunan da suke kiran keke da shi, wato "cece", daga bakinmu suka karɓe shi.

Sai dai darajar keke ta ragu ƙwarai a 'yan shekarun nan. Babur ya zo, a bayansa mai ƙafa uku da ake kira yalo-yalo ya biyo, suka mamaye har hanyar da aka ware wa keke, masu tebur da masu talla suka cinye abin da ya rage. A 2022 aka buɗe gadar sama a tsakiyar gari, wadda aka yi domin motoci. Yau saurayi ya fi son ya ci bashi ya sayi babur da a gan shi yana tuƙa keke, domin an mai da keke shaidar talauci. Garin kuma sai faɗaɗa yake yi yana haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi, gonar bara ta zama fulotin bana. Wanda ke son ya nuna wa 'ya'yansa karkarar Dagwamba yadda take, to gara ya yi da wuri.

Abin mamaki, mutanen da suka fi mu motoci su ne suka fi mu riƙon keke da daraja. 'Yan'uwanmu mazauna Faransa sun san yadda hukuma a can ta gyara tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa da gefen magudanan ruwa, ta hana mota bi, ta kafa alamu, domin magidanci ya fita da iyalinsa su yi ta tafiya a hankali daga ƙauye zuwa ƙauye. Hanyar da ta bi gaɓar kogin Luwar kaɗai ta kai kimanin kilomita 900, kuma mutane na tasowa daga wasu ƙasashe su biya kuɗin masauki domin su bi ta. Mu a nan babu wanda ya kafa mana alama ko ya buga mana taswira, amma hanyoyin suna nan: jan burji da turbar ƙafa da suka haɗa kowane ƙauye da maƙwabcinsa, waɗanda sai mutum ya yi tafiyar rabin sa'a bai gamu da mota ko ɗaya ba.

Sharaɗin farko shi ne a guji babban titin da ya nufi Savelugu da Bolgatanga. Ta nan tireloli ke jigilar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali, kuma iskar wucewarsu kaɗai ta isa ta ture yaro daga kan sirdi. Hanyar da na fi so wa mai farawa ita ce ta arewa maso yamma, wadda ta nufi Kumbungu, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai. Da an bar gidajen gari a baya za a iso Malshegu, inda akwai wani ɗan kurmi da mutanen ƙauyen suka hana sara da ƙonawa tun kaka da kakanni bisa al'adarsu ta gargajiya. Ko mutum bai yarda da abin da ya sa suka tsare shi ba, ya kamata ya tsaya daga nesa ya duba, domin duhuwar nan ita ce ke nuna yadda itatuwan ƙasar suke kafin gatari da gawayi su yi aikinsu.

Daga nan sai a saki kwalta a bi duk wani jan burji da ya ratse. Abin da ido zai gani ba mai yawa ba ne, amma yana kwantar da rai: kaɗanya birjik cikin gonaki, waɗanda manomi ba ya sarewa domin mata ke tsintar 'ya'yansu da damina su yi man kaɗe, ɗorawa mai faɗin inuwa, kuka tsaye a bakin ƙauye, tudun doya jere reras, zabi suna tsallake hanya da gudu kamar an kora su. Gidajen kuwa ɗakunan ƙasa ne masu jinka, an zagaye su da katanga, da zaure a gaba inda maigida ke karɓar baƙi, ko da yake kwano da bulo sun fara shiga ko'ina. Babu ƙarar da ake ji sai ta sarƙar keke da kukan kurciya, wani lokaci da sautin turmi daga cikin wani gida.

A nan ne fa ake ganin fifikon keke a kan babur. Mai babur wucewa yake yi ya bar wa mutane ƙura, mai keke kuwa tafiyarsa daidai take da tsawon gaisuwa. Dagwambawa mutane ne masu ɗaukar gaisuwa da nauyi matuƙa. Da safe a ce "Dasiba", da rana "Antire", da yamma "Aniwula", amsar duka kuwa "Naa" ce, a ja ta da tsawo, ƙarami ya rusuna ko ya durƙusa gaban babba. Idan ka iske dattawa zaune ƙarƙashin itace, ladabi shi ne ka sauka daga keke ka tura shi, ka gaishe su, sannan ka tambayi hanya. Kafin ka gama tambaya an kawo maka ruwa, domin a ƙasar nan ba a jin labarin baƙo sai ya sha. Da wuya kuma a rasa wanda ke jin Hausa a cikinsu, ko tsohon ɗan kasuwa ko wanda ya yi karatun allo. Yaron da ya taso a Zango bai taɓa ganin wannan ba zai koyi abin da wa'azin mako guda ba zai koya masa ba.

Wanda ƙarfinsa bai ƙare a Kumbungu ba ya ƙarasa Bontanga, babbar madatsar ruwa da aka kammala a shekarun 1980 domin noman rani. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus, nan za a ga shinkafa da albasa da kuɓewa kore shar, ga masunta da kwalekwalensu, ga balbelu. Gaba kaɗan akwai Dalun da Nawuni a bakin kogin Farin Bolta, inda ake jawo ruwan da ake tacewa a tura wa Tamale. Yana da kyau yara su ga tsawon tafiyar da ruwan famfo ke yi kafin ya iso gida.

Kasuwannin wannan yanki ba sa bin ranakun mako kamar na ƙasar Hausa. Duk kwana shida suke ci, suna zagayawa tsakanin Tamale da Savelugu da Tolon da Kumbungu da Nyankpala da wasunsu, don haka sai a tambaya kafin a fita. Ranar kasuwa hanya na cika da masu keke ɗauke da buhunan gyaɗa da akurkin zabi, har da akuya ɗaure a kariya, kuma ba a rasa koko da ƙosai da tubani da fura. Mai neman shiru sai ya zaɓi wata rana. Kusan kowane ƙauye akwai ɗan masallaci da buta, saboda haka azahar ba ta kama matafiyi a daji.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, wato ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙasa ta tsane, ciyawa ba ta riga ta ƙone ba. Hunturu ma babu laifi in an jure ƙura da fashewar leɓe. Watannin Maris da Afrilu kuwa zafi kan haura awo 40, ba lokacin fita da yara ba ne. A Agusta da Satumba a kiyayi bakin kogi, domin a lokacin ne ake sakin ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso, kogin ya yi ambaliya ya shafe gonaki da hanyoyi. A kowane lokaci dai a fita bayan sallar asuba, a dawo kafin rana ta take. Tsohon Phoenix mai birkin ƙarfe ya wadatar, muddin an riƙe famfo da kayan faci da gorar ruwa, domin ƙaya ba ta san mai sabon keke ba.

Ta yamma akwai hanyar Nyankpala, inda cibiyar binciken noma take tare da reshen jami'ar da aka kafa a 1992, daga nan a wuce Tolon. Wannan ma tafiyar yini guda ce, zuwa da dawowa. Samari masu jini a jika su ne za su iya ƙarasawa Daboya a ƙasar Gwanja, fiye da kilomita 60 daga Tamale, garin gishiri a da, garin masaƙa da marina har yau, inda ake saƙa ƙyallen rigar fugu.

Sauran hanya ɗaya, wadda ba ta iyali ba ce, ita ce ta Salaga, kimanin kilomita 120 kudu maso gabas. Can ne fataken Kano da Katsina da Sakkwato suke dosa da jakuna, tafiyar watanni, su kai kanwa da tufafi su ɗauko goro, kuma can ne aka yi cinikin bayi, abin da bai kamata a ɓoye wa yara ba. Malam Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a garin yana karantarwa har yaƙin basasar 1892 ya watsa jama'a, daga baya ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Rijiyoyin da suka shayar da ayarin nan suna nan har yau. Mai keke zai yi tafiyar cikin kwana biyu, ya kwana a hanya, kuma tun da azahar ya kamata ya fara tambayar gidan limamin ƙauyen da zai sauka.