YAKUWA BA CIYAWAR IYAKA BA CE

Yau ina so mu yi magana bisa yakuwa, wadda wasu ke ce ma sure.

Nan Cadakori mun saba barinta bakin iyaka, mu ce ai shukar mata ce. To ga shi gonaki sun matse, mata da yawa ba su da gamana yanzu. In babu gamana, ina za su shuka ta? Don haka ni shekara 4 ke nan ina ba ta layi 5 cikin gandu, tsakanin hatsi. Ga yadda nike yi.

Ina shuka ta cikin watan Yuli, bayan ruwa ya zauna. Ƙwaya 4 ko 5 kowane rami, kamu biyu tsakanin rami da rami. In ta yi sati 3 sai in rage, in bar biyu. Jigawa ta fi so. Inda ruwa ke kwanciya saiwarta ruɓewa take yi. Takin awaki kaɗan ya ishe ta.

Ba ta yin fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba. Furen fari ne mai ruwan ɗorawa, cikinsa ja wur, yini guda yake yi ya faɗi. Mai gaggawa in ya ga fure ya zube sai ya ce ta lalace. A'a. Ɓawon da ke gindin furen shi ne ke kumbura ya zama zoborodo. Bayan kamar sati 3 sai a tsinke, a fidda ƙwallon, a shanya bisa tabarma. Kada a shanya ƙasa, yashi na karya mishi daraja.

Amfani ukku take ba mu. Na farko ganye, don miya da kwaɗo cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi bai nuna ba. Wanda ya ga yunwar 1984 ko ta 2005 ya san abin da ganye ya yi ma gidaje. Na biyu zoborodo, wanda ake saye kasuwar Maraɗi. Maƙwabtanmu na Najeriya har Meksiko suke kai nasu. Na ukku gurguzu, ƴaƴanta ke nan, da shi mata ke daddawar batso.

Saura magana guda. Layin yakuwa na gonata, mai ɗakina ke tsinka, ita ke saidawa, kuɗin nata ne. Daga nan gishiri da sabulu da littafin yaro ke fitowa, ba a taɓa damin hatsi ba. Maigidan da ya ba da layi kuma ya karɓe kuɗin, baɗi ba mai tsinka mishi.

Jama'a, a aje iri tun yanzu cikin gora mai marfi, a gwada ko layi biyu ne. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.

Malamin yaƙi da jahilci, Cadakori