Na Je Amurka Na Tarar Da Injin Niƙa A Kan Teburi

'Yan'uwana 'yan mata, musamman ku masu mafarkin auren mazaunin Turai ko Amurka. Duk wadda aka ce mata saurayinta a can yake zaune, abin da ke fara faɗo mata a rai shi ne jirgin sama, da dusar ƙanƙara, da gida mai kafet har bakin ƙofa. Ban taɓa jin wadda ta tsaya ta tambayi wa zai riƙa kai mata niƙa ba. To ni dai Allah Ya nufe ni da zuwa a watan Satumba na 2023, na yi wata biyu a wajen yayata da ke aure a Kolambus, babban birnin jihar Ohayo, kuma labarin niƙan nan shi na riƙo maku tsaraba.

Kolambus gari ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba gangare, tituna a share, amma shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Sai ki wuni a taga ba ki ji muryar mai talla ba, balle ƙarar inji daga lungu. Akwai Musulmi da yawa, galibinsu 'yan Somaliya, don haka masallaci da naman halal ba sa wuya. Gari ne matsalar, ina nufin garin tuwo. Wanda ake samu a kantunan 'yan Afirka ya sha doguwar tafiya kafin ya iso, ga tsada, wani lokacin ki buɗe leda ki ji yana warin ajiya. Mijin Yaya kuwa irin mutanen nan ne da in ba su ci tuwo da dare ba sai su ce da yunwa suka kwana.

Yaya ta ce shekararta ta farko ta sha kuka a ɓoye. Ta sa an kawo mata ɗan turmi da taɓarya daga gida, ranar da ta fara daka sai ga maƙwabcinsu na ƙasa yana buga ƙofa, wai ɗakinsa na girgiza. Gidajen can yawanci da katako ake gina su, ita kuma tana hawa na uku. Tun daga ranar turmin ya koma abin ado a falo.

Abin da ya share mata hawaye wata na'ura ce ta kwaɓa fulawa mai suna KitchenAid, irin wadda ke tsaye da ƙafarta a kan teburin kicin, da kwanon ƙarfe a ƙarƙashin kanta. Asalin aikinta kwaɓin kek da burodi. To amma a goshinta akwai wata 'yar kafa da aka rufe da murfi. In kika cire murfin, sai ki zura wani kan niƙa na ƙarfe da ake saye daban, ki ɗaure shi da kusar da ke gefe, shi ke nan injin kwaɓi ya zama injin niƙa. Yana da mazubi a sama kamar na injin unguwarmu, sai dai ƙarami, da maɓalli a gaba mai mataki 12, daga tsaki har zuwa gari mai laushi. Ana zuba hatsi, a kai gudun na'urar lamba 10, gari ya riƙa zuba a kwano siriri-siriri.

Na ce, "Kai Yaya, ashe kin huta!"

Ta harare ni ta ce, "Auta ke nan. Zauna ki ga hutun."

Na kuwa zauna na gani. Da farko dai sai an nemo hatsin. Gero da Amurkawa ke nomawa a jihohi irin su Kolorado da Nebaraska ba irin namu ba ne, wani ɗan mulmulalle ne rawaya, kuma yawancinsa tsuntsaye ake zuba wa. Dawa suna nomanta sosai, musamman a Kansas, amma dabbobi ne manyan masu cinta. Gero irin namu sai kantin Indiyawa, su suna ce masa bajra, dawa kuma jowar. Can muka je muka sayo a 'yan ledoji, ina ta lissafin kuɗin da naira ina salati, har Yaya ta ce in daina kada in ja mata ciwon kai.

Sai kuma babban abin, injin nan ba ya surfe. Yadda kika zuba masa hatsi haka zai niƙe shi da dusarsa. Kuma ba ya son danshi ko kaɗan. In kika wanke gero kika zuba da sauran laima, garin zai cuɗe ya liƙe a haƙoran ƙarfen, ki koma kwancewa kina sharewa da burushi. Don haka Yaya takan wanke hatsinta ta rege, ta baza a faranti, ta bar shi kwana biyu har ya bushe ƙayau. Takardar da ke zuwa da injin ta hana a niƙa duk abin da ke da mai, kamar gyaɗa da waken suya. Markaɗen ƙosai da alale da shinkafar masa kuwa, ba ma a maganarsa, wannan aikin bilenda ne. Sannan an ce kada a wuce kofi 10 na gari a zama ɗaya, in an kai nan a kashe a bar shi ya huce minti 45. Ku duba fa, kofi 10 ko tiya guda bai cika ba. Gidan da ake tuƙa tuwon mutum goma sha biyar, ai sai a kwana ana niƙa.

Masara ta fi ba shi wahala. Yaya kan fara ɓarza ta a matakin tsaki, ta mayar ta sake niƙawa a mai laushi, sannan ta tankaɗe da rariyar da Inna ta sa mata a kaya. Abin da ya rage a rariya ba ta zubarwa, shi take tarawa ta yi dambu ranar Asabar. Alkama kuwa nan injin ya fi ƙwarewa, don dama dominta aka yi shi. Alkubus ɗin da muka yi da garin da aka niƙa a take, wallahi ƙamshinsa daban ne. Dalili shi ne ƙwayar hatsi tana da ɗan mai a cikinta, da zarar an niƙa iska ta fara taɓa shi sai ɗanɗano ya soma canzawa, shi ya sa tsohon gari ke ɗaci. Iyayenmu da ke niƙa na yau su ci yau sun san wannan tun ba a rubuta shi a littafi ba.

Ƙara kuwa akwai ta, har ba ma jin maganar juna. Amma ni abin da ya taɓa mani zuciya, ganin Yaya tsaye ita kaɗai a gaban inji tana kallon bango. Na tuna layin niƙa a unguwarmu, kwanuka jere da rufin faifai, 'yan mata ana ta hira ana faɗan wa ta riga wa, mai inji fari fat da gari har gashin ido. Ita nan ba layi, ba faɗa, ba kowa.

Da mijinta ya ga na damu da na'urar, sai ya ce ai garin da ake ƙera ta ba nisa, mu shirya ranar Lahadi ya kai mu. Sunan garin Girinbil, tafiyar kamar awa biyu a mota yamma da Kolambus, kusa da iyakar jihar Indiyana. Tun da muka bar birni ba abin da muke gani sai gonakin masara da waken suya, iya ganinki, amma ba mutum ko ɗaya da fartanya. Garin kansa ƙarami ne, mutanensa kimanin 13,000. A nan aka sa hannu a yarjejeniyar 1795 wadda ta raba 'yan asalin ƙasar da mafi yawan ƙasar Ohayo. A yankin ne kuma aka haifi Annie Oakley a 1860, macen da ta yi suna a duniya wajen iya harbi da bindiga, har gunkinta suka kafa a cikin gari.

Masana'antar daga waje muka tsaya muka kalle ta, doguwar rumfa ce kawai ba wani ado. Kamfanin Hobart na garin Toroi, nan Ohayo, shi ne ya fara fitar da wannan na'ura ta gida a 1919, daga baya a shekarun 1940 aikin ya dawo Girinbil, a 1986 kuma kamfanin Whirlpool ya saye sunan. Siffar da take da ita yanzu tun 1937 aka zana ta, kuma ba su canza kafar goshin nan ba, shi ya sa kan da kaka ta saya zai iya shiga na'urar jikarta. A can ma kayan gara ce, amare na sa ta a jerin abin da suke so a ba su gudunmawa. Wadda ke shirin cewa a sayo mata daga Amurka ta sani, wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, in kika jona kai-tsaye ba taransifoma ta ƙone nan take.

Kafin mu juyo muka biya wani wuri a bayan gari da ake kira Bear's Mill. Tsohon gidan niƙa ne na katako mai hawa huɗu a bakin rafi, an gina shi a 1849, kuma har yanzu ruwan rafin ne ke juya duwatsunsa. Duwatsun daga Faransa aka kawo su, manya-manya, ɗaya a kan ɗaya, an sassaƙa masu layi-layi. Yaya ta daɗe tana shafa ɗaya da aka jingine, ta ce, "Auta, kin tuna dutsen Hajiya Kaka da ke bayan rumbu?" Na ce na tuna, har da waƙar da take yi in ta durƙusa. Yaranta suka tsaya suna kallonmu, babbar ta tambaya da Turanci wai mene ne rumbu.

Muka sayi garin masararsu leda biyu. Da dare Yaya ta tuƙa shi da miyar kuka, ya fito rawaya, da ɗan tsaki-tsaki a baki don ba a yi shi domin tuwo ba. Mijinta ya cinye malmala biyu ya ce ba laifi, amma na hannun matarsa ya fi. Washegari da sassafe ta wanke dawa ta baza a faranti.