Garin tawada da takardar talaka

Akwai wata magana da ke mayar da mutum gida hannu rabbana daga biro, ko da tun asuba ya taso daga ƙauye ya biya kuɗin mota: "Babu tawada, ka dawo jibi." Na daɗe a aikin sakatariya, na kuma san sau da yawa mai faɗin haka gaskiya yake faɗi. Kwamfuta na nan, takarda na nan, mai sa hannu na zaune da tampo a gabansa, amma kartush ya ƙare, kuma takardar haihuwa ko ta albashi ba ta fitowa sai da shi.

Sabo ne ya sa muke ce masa tawada. Abin da ke cikin kartush gari ne mai laushi ƙwarai, na roba da aka haɗa da baƙin launi, wani ma har da garin ƙarfe. Hasken laza ke zana rubutu a jikin wani mulmulallen ƙarfe da masu gyara ke kira tambur, garin ya manne inda aka zana, ya koma kan takarda, sannan takardar ta ratsa wani wuri mai zafin da ya kusa digiri 200, garin ya narke ya kama. Shi ya sa take fitowa da ɗumi. Shi ya sa kuma garin da bai dace da injin ba ke gogewa da an shafa yatsa, domin bai narke yadda ya kamata ba.

Tun da kamfanin HP ya fito da LaserJet a 1984, cinikin yana tafiya a kan hanya guda: inji da sauƙi, kartush da tsada. Sayen doki ba shi ne wuya ba, ciyar da shi ne. Kartush ɗin da ke zuwa cikin sabon inji ma galibi ba a cike yake ba, sai mai saye ya ga ya ƙare da wuri ya zaci an cuce shi a kanti.

Inda na fi so shugabannin ma'aikatu su saurare ni shi ne batun lissafin shafuka. An ce 85A yana buga shafi 1,600, 12A kuma 2,000. Gaskiya ne, amma awon an yi shi ne a kan shafin da baƙi bai rufe fiye da kashi 5 cikin 100 ba, wato wasiƙa gajera mai fili da yawa. To, takardunmu na mulki fa? Tambarin ƙasa a sama, sunan minista da na ma'aikata da manyan baƙaƙe, layuka da gidajen lissafi har ƙasa. Balle a ce fotokopin katin ɗan ƙasa, wanda rabinsa ke fitowa baƙi ƙirin. Na ga an tsare wata abokiyar aikina da tambayoyi, wai kartush ya ƙare kafin lokacinsa, lalle aikin waje take bugawa tana karɓar kuɗi. Ba ta saci komai ba. Mai tuhumar ya karanta lambar, bai san yadda aka auna ta ba, ita kuwa ta yi watanni tana shiga biro kanta a sunkuye.

A kasuwa, ko a Yamai ko a Maraɗi ko a Damagaram, iri uku ake samu a fili. Akwai na asali. Akwai na kwaikwayo, wanda wasu masana'antu ke ƙerawa da sunansu, yawancinsu a birnin Zhuhai na ƙasar Sin. Akwai kuma tsohon kwanso da aka sake cika wa gari. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, amma ni ban yarda da ita ɗungurungum a nan ba. Na yi aiki da na kwaikwayo mai kyau, ya buga wasiƙun yau da kullum ba tare da wani aibi ba, a kuɗin da bai kai rabin na asali ba. Wanda aka sake cikawa ma yana aiki, muddin tamburinsa bai gaji ba. In ya gaji, sai ka ga baƙin layi tun daga saman takarda har ƙasa. Ga takardar da mutum zai ajiye shekara talatin a cikin akwati, irin ta fili ko ta shaidar karatu, nan kam ba na rowa.

Na huɗun shi ne masifa: wanda aka cika, aka sa a kwalin na asali, aka sayar a kuɗin na asali. Wannan ba araha ba ce, zamba ce, kuma ita ke ɓata sunan ƴan kasuwa masu amana. Alhaji, in na kwaikwayo ne ka ce na kwaikwayo ne, za mu saya, mu kuma dawo.

Ban manta da cewa ɗan kasuwa ma a matse yake ba. Ba a ƙera ko ɗaya a ƙasar nan. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, duk abin da ake shigowa da shi ya tashi dare ɗaya. Da aka rufe iyakar Binin a 2023, kayan da ke sauka Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, da ƙarin kwanaki da ƙarin kuɗin mota. Na Kano kuwa farashinsu yana bin hawa da saukar naira.

Abin da nake yi ba shi da yawa. Ba na zuwa kanti da sunan inji kaɗai, lambar kartush nake rubutawa, domin da yawa sun yi kama a ido amma ba su shiga gurbin juna. Ba na tara su da yawa, don zafin Afrilu yana dunƙule garin a cikin sito. In rubutu ya fara dushewa, nakan ciro shi in girgiza a hankali hagu da dama, yakan ƙara min kwanaki kafin a sa hannu a takardar sayen sabo. Garin da ya zube a riga da ruwan sanyi ake wanke shi, ruwan zafi narkar da shi yake cikin zare. Tsohon kwanso nakan ba mai cikawa da na sani. Kwalin kuwa yaga shi nake yi da hannuna, tun ranar da wani yaro ya zo ƙofar biro yana tambaya ko muna da kwalayen da ba mu so, zai saya.